Jan Gaba, Jan Baya da Ja da Ƙafa Huɗu: Tarihin Wata Gardama a Kan Mota

Gabatarwa

Duk inda direbobi da makanikai suka taru, ko a tasha ko a gareji, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa, watau wace mota ce ta fi nagarta: mai ja da ƙafafun gaba, ko mai ja da na baya, ko kuwa wadda ke ja da ƙafa huɗu duka? Wani ya ce wance ba ta kafewa a taɓo, wani ya ce wance ba ta shan mai, wani kuma ya rantse cewa wance ce ke riƙe hanya idan an shiga kwana da gudu. Kowannensu yana da hujja, domin abin da ya gani da idonsa yake faɗi. Abin da ba kasafai ake lura da shi ba shi ne, wannan gardama ta girmi duk masu yin ta. Injiniyoyin Faransa da Jamus da Ingila da Amurka sun shafe fiye da shekara ɗari suna yin ta, wasu kamfanoni sun yi arziki a kanta, wasu kuma sun karye.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin gardamar tun daga tushenta. Za a nuna cewa kowane ɗaya daga cikin tsare-tsaren nan uku ya samu zamaninsa ne a lokacin da abubuwa uku suka goya masa baya, watau irin hanyar da ake bi, da tsadar mai, da nauyin aljihun mai saye. Batun ya shafi ma'aikacin da ya tara albashin shekaru ko ya ci bashi don ya sayi mota, ya kuma shafi jami'in da aka ɗora wa alhakin sayen motocin hukuma da kuɗin jama'a. Kuskure a nan yana cin dukiya, wani lokaci ma yana cin rai.

Yadda Mota Ke Taka Ƙasa

Kafin a shiga tarihi, wajibi ne a fahimci wasu ƙa'idoji kaɗan. Kome girman ƙaramar mota, kome kuma ƙarfin injinta, wuri huɗu kaɗai take taɓa ƙasa, kuma kowane wuri bai wuce faɗin tafin hannu ba. Ta waɗannan wurare huɗu ne take yin ayyukanta uku: ja, da juyawa, da tsayawa. Riƙon da taya ke yi wa ƙasa yana da iyaka, kuma ya danganta ne da nauyin da ke bisa tayar da irin ƙasar da take takawa. Abin da taya ta kashe na riƙonta wajen ja, to, ya ragu ke nan daga abin da za ta yi juyawa da shi.

Ƙa'ida ta biyu ita ce, nauyin mota ba ya zama wuri ɗaya. Idan direba ya taka totur, nauyi yakan koma baya. Idan ya taka birki, yakan dawo gaba. Idan kuma ana hawan tudu, ko an cika but da kaya, ƙafafun baya ne ke ɗaukar mafi yawansa. Ta uku kuwa, idan mota ta shiga kwana, tayar da ke waje takan yi tafiya mai tsawo fiye da ta ciki. Saboda haka aka sanya wani akwatin haƙora a tsakanin tayoyin da ke ja, wanda ke barin kowace ta juya da nata gudun. A motoci masu jan baya, wannan akwatin raba gudu shi ne ƙullutun da ake gani a tsakiyar bakaksul. Amfaninsa babba ne, amma yana da aibi guda: idan taya ɗaya ta faɗa taɓo, sai ta yi ta walwala a banza, ɗayar kuwa da ke kan busasshiyar ƙasa ta tsaya cik. Duk abin da zai biyo baya a wannan tarihi, ƙoƙari ne na sasantawa da waɗannan ƙa'idoji uku.

Zamanin Jan Baya

Abin mamaki, keken farko da tarihi ya tabbatar ya yi tafiya da ƙarfin injinsa mai jan gaba ne. A shekarar 1769 wani injiniyan sojan Faransa, Nicolas Cugnot, ya ƙera keke mai ƙafa uku da ke aiki da tururi, domin jan igwa. Ƙafar gaba guda ɗaya ita ke ja, ita ke juyawa, ga kuma tukunyar tururi rataye a gabanta. Bai wuce saurin mai tafiya a ƙasa ba, kuma juya shi jan aiki ne, don haka aka ajiye shi.

Motar fetur da Karl Benz ya ƙera a Jamus a 1885, ya kuma yi mata rajista a farkon 1886, injinta a baya yake, yana juya ƙafafun baya da bel da sarƙa. A 1891 kamfanin Panhard et Levassor na Faransa ya fito da tsarin da ya zama abin koyi: inji a gaba, sai kuloci, sai giyabos, sa'an nan ƙarfin ya tafi ƙafafun baya. A 1898 Louis Renault ya maye gurbin sarƙa da dogon ƙarfen nan da makanikai ke kira farfela. Daga nan tsarin ya kammala, kuma a kansa Henry Ford ya gina motarsa Model T, wadda aka ƙera fiye da miliyan 15 tsakanin 1908 da 1927.

Me ya sa aka zaɓi baya? Dalilin na ƙira ne. Ƙafafun gaba suna karkata hagu da dama, kuma isar da ƙarfin inji ga tayar da ta karkata yana buƙatar wata gwiwa ta musamman. Gwiwar da aka sani a lokacin, da zarar ta lanƙwasa sosai, sai ta riƙa juyawa da fizga, har direba ya ji a sitiyari. Ƙafafun baya kuwa a miƙe suke kullum, ba su da wannan matsala. Ashe ke nan rashin gwiwa mai kyau ne ya fara ba jan baya sarauta. Amma tsarin ya zo da wata fa'ida ta gaskiya, watau raba aiki: na gaba su juya, na baya su tura. Bugu da ƙari, duk lokacin da aka taka totur ko aka ƙara kaya, nauyi yana sauka ne daidai kan tayoyin da ke buƙatarsa. Wannan ne ya sa har yanzu manyan motocin kaya da a-kori-kura ba su rabu da shi ba.

Gwagwarmayar Jan Gaba

Masu ra'ayin jan gaba ba su haƙura ba. Hujjarsu ita ce, tun da inji ne abu mafi nauyi a mota, kuma a gaba yake, me zai hana a bar tayoyin da ke ƙarƙashinsa su yi jan, a huta da farfela da bakaksul? Walter Christie na Amurka ya gwada haka a motocin tsere tun daga 1904. A cikin shekarun 1920 aka samu gwiwar da ake nema, wadda ke juyawa sumul ko da taya ta karkata: kamfanin Tracta ya yi tasa a Faransa, Alfred Rzeppa kuma, injiniya a kamfanin Ford, ya ƙirƙiro mai ƙwallayen ƙarfe, wadda jikokinta ne ke cikin shaf ɗin motocin yau. Sai ga Cord L-29 a Amurka a 1929, da DKW F1 a Jamus a 1931.

Wanda ya sa dukiyarsa duka a kan wannan ra'ayi shi ne André Citroën. A 1934 ya fito da motar da aka sani da Traction Avant, ma'anar sunan kuwa shi ne jan gaba. Da yake babu farfela a ƙarƙashinta, an samu damar yin ta ƙasa-ƙasa, ta kuma riƙe hanya fiye da sa'o'inta. Amma kuɗin da ƙirarta ta ci ya durƙusar da kamfanin kafin ƙarshen wannan shekara, kamfanin taya na Michelin ya karɓe shi, shi kuwa Citroën ya rasu a 1935. Motar ta rayu har 1957, an ƙera kimanin 760,000. Ra'ayin daidai ne, sai dai mai shi bai ci moriyarsa ba.

A daidai wannan zamani Jamusawa suka bi ta wata hanya don cim ma manufa ɗaya. Maimakon a kai ja inda inji yake, Ferdinand Porsche ya kai inji inda ja yake, watau baya. Wannan ita ce Volkswagen Beetle ta 1938, wadda Hausawa suka sani da Boswaja. Nauyin inji a bisa tayoyin baya ya sa ba ta saurin kafewa a yashi ko taɓo, kuma a 1972 ta wuce Model T a yawan ƙira. Kafin a daina yin ta a Meziko a 2003 an ƙera fiye da miliyan 21. Sai dai nauyin baya yana da nasa haɗari, domin idan an shiga kwana da gudu gindin mota kan nemi ya wuce kanta. Ƙorafin da lauya Ralph Nader ya yi a 1965 a kan Chevrolet Corvair, wadda ita ma injinta a baya yake, ya taimaka wajen zubar da darajar wannan tsari a Amurka.

Abin da ya buɗe wa jan gaba ƙofa sosai shi ne tsadar mai. Rikicin mashigin Suwez na 1956 ya sa aka koma raba fetur da ƙa'ida a Ingila, sai kamfanin BMC ya umarci injiniyansa Alec Issigonis da ya ƙera ƙaramar mota mai ɗaukar mutum huɗu. Dabarar da ya yi ita ce ya ajiye injin a gicciye, ya sa giyabos a ƙarƙashinsa, ya bar ƙafafun gaba su ja. Motar da ta fito a 1959, watau Mini, tsawonta mita 3 ne da 'yan kai, amma kusan kashi 80 cikin 100 na shimfiɗarta na fasinja ne da kayansu. Masu raina ta sun sha mamaki da ta ci tseren Monte Carlo a 1964 da 1965 da 1967, a kan hanyoyin duwatsu masu santsin ƙanƙara, inda manyan motoci masu jan baya suka yi ta zamewa. A 1969 Dante Giacosa ya gyara tsarin a Fiat 128, ya ajiye giyabos a gefen inji, kuma wannan fasalin ne kusan kowa ya kwaikwaya daga baya.

Da ƙasashen Larabawa suka taƙaita sayar da mai a 1973, farashinsa ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni, sai kiɗa ya sauya, rawa ma ta sauya. Honda Civic ta riga ta fito a 1972. Kamfanin Volkswagen, wanda Boswaja ta tsufa a hannunsa, ya tsira da Golf a 1974. Manyan kamfanonin Amurka, General Motors da Chrysler, sun bi sahu a 1979 da 1980, Toyota kuma ta mayar da yawancin samfurin Corolla jan gaba a 1983. Dalilan a bayyane suke: ƙarancin ƙarafa yana rage nauyi da shan mai, inji da giyabos a dunƙule suna da sauƙin haɗawa a masana'anta, ciki kuma ya fi yalwa.

Duk da haka taura biyu ba ta taunuwa. Tayoyin gaba da aka ɗora wa ja da juyawa da mafi yawan aikin birki suna saurin cinyewa, kuma idan inji ya cika ƙarfi sai su walwale, ko sitiyari ya riƙa fizgar hannu. Shi ya sa Mercedes-Benz da BMW suka riƙe jan baya a manyan motocinsu, haka nan motocin tseren Formula 1.

Ja da Ƙafa Huɗu: Daga Fagen Yaƙi Zuwa Kwalta

Tsari na uku ma tsoho ne. Kamfanin Spyker na Holan ya nuna motar fetur mai ja da ƙafa huɗu tun 1903, kuma a Yaƙin Duniya na Ɗaya sojoji sun yi amfani da motocin kaya irin su Jeffery Quad. Amma Yaƙin Duniya na Biyu ne ya yaɗa shi, ta hanyar Jeep, wadda kamfanonin Willys da Ford suka ƙera fiye da 600,000 tsakanin 1941 da 1945. Bayan yaƙi Maurice Wilks na kamfanin Rover ya kwaikwaye ta don manoma, aka nuna Land Rover a Amstadam a 1948. Toyota ta yi tata a 1951, wadda aka sa wa suna Land Cruiser a 1954.

Waɗannan motoci, waɗanda direbobi ke kira masu fowil, a kan kwalta da ƙafafun baya kaɗai suke tafiya. Sai an zo yashi ko taɓo direba ke jan wani ƙarfe ya ɗaure gaba da baya su juya tare. Ba a barin su a ɗaure a kan busasshiyar kwalta, domin a kwana ƙafafun gaba suna yin tafiya mai tsawo fiye da na baya, kuma idan babu santsin da zai ba taya damar zamewa, ƙarafan ne za su murɗe. Maganin wannan shi ne a ƙara akwatin raba gudu na uku a tsakanin gaba da baya, yadda motar za ta ja da ƙafa huɗu a kowane lokaci. Kamfanin Harry Ferguson na Ingila ya yi wannan aiki, aka sa shi a Jensen FF a 1966, amma tsadarta ta sa 320 kacal aka ƙera. Range Rover ta 1970 ta fi ta sa'a. A tseren Formula 1 kuwa, kamfanonin Lotus da McLaren da Matra sun gwada ƙafa huɗu a 1969, suka ga nauyin ya fi amfanin yawa a kan busasshiyar kwalta, suka watsar.

Juyin ya zo ne daga Jamus. A lokacin sanyin 1977 injiniyoyin Audi suna gwajin motoci a dusar ƙanƙara ta arewacin Turai, sai suka lura cewa wata ƙaramar motar soja mai rauni a inji, Volkswagen Iltis, tana barin motoci masu ƙarfi a baya. Daga nan aka haifi Audi Quattro, wadda aka nuna a Janeba a 1980. A 1981 wata Bafaranshiya, Michèle Mouton, ta ci tseren Sanremo da ita, ta zama mace ta farko da ta ci wani zagaye na gasar rali ta duniya. Audi ta ɗauki kambin kamfanoni a 1982 da 1984. A tsakani, a 1983, Lancia ta yi nasara da mota mai jan baya, kuma ita ce ta ƙarshe a irinta da ta ɗauki wannan kambi. Tun daga nan ja da ƙafa huɗu ya shiga motocin alfarma, ya zama abin talla.

Hukuncin Hanyoyin Afirka

Duk labarin da ya gabata na Turai ne da Amurka da Japan, inda ake da kwalta mai kyau da sanyin ƙanƙara. Hanyoyin Afirka sun yanke nasu hukuncin dabam, kuma babu inda ya fi bayyana kamar tseren Safari, wanda aka fara a Afirka ta Gabas a 1953. Hanya ce ta dubban kilomitoci, ta ƙura da ramuka da kwazazzabai da taɓon damina. A 1963 motoci 7 kacal suka kai ƙarshe, kuma Peugeot 404 ce a gaba. Ta sake ci a 1966 da 1967 da 1968, ƙanwarta 504 kuma ta ci a 1975 da 1978. Dukkansu masu jan baya ne. Ko bayan da Quattro ta mamaye Turai, Toyota Celica mai jan baya ce ta ci Safari a 1984 da 1985 da 1986, kuma sai a 1987 mota mai ja da ƙafa huɗu ta fara cin sa, a hannun Hannu Mikkola cikin Audi 200. A irin wannan hanya, juriya da tsayi daga ƙasa da sauƙin gyara sun fi yawan tayoyin da ke ja muhimmanci. A cikin rairayin Sahara kuwa lissafin ya sake sauyawa: a tseren Faris zuwa Dakar na farko, wanda ya ratsa Agadas da Yamai a farkon 1979, Range Rover ce ta zo gaba a cikin motoci, a 1980 kuma Iltis.

Wannan ya bayyana abin da ya faru a Nijeriya. A 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci, haka ma ta Volkswagen a Legas, a daidai lokacin da kuɗin mai da ƙarin albashin Udoji suka sa ma'aikata da yawa suka mallaki mota a karon farko. Watau a shekarun da Turai ke guje wa jan baya saboda tsadar fetur, Nijeriya mai arhar fetur ta rungume shi hannu biyu. Fijo 504 ta zama motar ofis, da ta 'yan sanda, da ta haya. Sifirin ɗinta na da laushi da zurfi, cikinta ya ɗaga daga ƙasa, farfelarta na cikin bututun ƙarfe da ke kāre ta, kuma idan aka cika ta da fasinja da buhuna nauyin yana ƙara wa tayoyin baya riƙo. Ga shi kuma kowane bakanike na bakin hanya ya san cikinta. An ci gaba da haɗa ta a Kaduna har 2006, shekaru da yawa bayan an daina yin ta a Faransa.

Abin da ya kawar da ita tattalin arziki ne. Bayan da aka karya darajar naira a 1986 ƙarƙashin shirin SAP, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin ma'aikata, aka koma sayen na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka ta Legas da Kwatano. Motocin da waɗancan ƙasashe ke zubarwa kuwa masu jan gaba ne: Golf, da Corolla, da Camry, da Honda Accord. Ta haka jan gaba ya cika titunan Kano da Kaduna da Maraɗi, ba tare da wani ya zauna ya zaɓe shi ba. Ya zo da sauƙin shan mai, ya kuma zo da ciwonsa. Robar da ke rufe gwiwar shaf takan yage a ramuka, ƙura ta shiga ta cinye gwiwar, sai a ji mota na ƙas-ƙas idan an karya kwana. Golf ɗin haya da aka danƙara wa kaya a baya kuwa, kanta kan ɗaga, tayoyin da ke ja da juyawa su yi sako-sako, kuma wannan haɗari ne babba ga mai gudu.

Zamanin Kwamfuta da Lantarki

Abubuwa biyu sun rage tazarar da ke tsakanin tsare-tsaren uku. Na farko shi ne na'urori masu lura da taya. Birkin da ba ya ƙullewa, wanda kwamfuta ke sarrafawa, ya shiga manyan motocin Mercedes-Benz a 1978, a 1995 kuma kamfanin tare da Bosch suka fito da na'urar da ke kama birkin taya ɗaya da kanta idan mota ta fara zamewa. Wannan ya rage wa jan baya haɗarin juyewar gindi, kuma Tarayyar Turai ta wajabta na'urar a duk sababbin ƙananan motoci tun 2014.

Na biyu shi ne motar lantarki. Injin lantarki ƙarami ne, ana iya ajiye shi a gaba ko a baya ko duka biyun ba tare da farfela ba, batir kuma yana shimfiɗe a ƙasa, nauyinsa ya rabu daidai. Da hujjar nauyin inji a gaba ta faɗi, sai masu ƙira suka fara komawa baya. Tesla Model S ta 2012 mai jan baya ce, aka ƙara mata inji na biyu a gaba a 2014. Volkswagen ID.3, wadda ta shiga kasuwa a 2020, injinta a baya yake yana tura ƙafafun baya, kamar dai Boswaja ta 1938.

Kwatantawa da Kammalawa

Idan aka tattara abin da tarihi ya nuna, za a iya auna tsare-tsaren uku kamar haka. Mai jan gaba tana ɗauke da kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyinta a gaba, don haka tana tashi da kyau a santsi idan ba ta da kaya, tana da arha wajen saye da shan mai, kuma idan aka wuce ƙa'ida a kwana kanta ne ke miƙewa, wanda sau da yawa sassauta totur ke gyarawa. Rauninta shi ne kaya da tudu da inji mai ƙarfi. Mai jan baya ta fi dacewa da kaya da ja da gudu mai ƙarfi, amma idan babu kome a bayanta, kamar a-kori-kura fanko a kan jiƙaƙƙiyar hanya, gindinta kan zame, kuma dawo da ita sai gwani. Mai ja da ƙafa huɗu ta fi su duka tashi da hawa a yashi da taɓo, amma ana biyan wannan da tsadar saye, da ƙarin mai, da yawan ƙarafan da za su lalace.

Akwai wani abu guda da ya kamata kowane direba ya riƙe. Ja da ƙafa huɗu yana taimakon tafiya ne, ba ya ƙara kome ga tsayawa, domin kowace mota da tayoyi huɗu take kama birki. Babbar jif mai nauyi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ba ta fi ƙaramar mota saurin tsayawa ba, kuma da yake cibiyar nauyinta na sama, ta fi saurin kifewa. Ƙarfin zuciyar da take ba direba shi ne babban haɗarinta. Tayoyi masu kyau a ƙafa biyu masu ja sun fi suɗaɗɗu a ƙafa huɗu.

Saboda haka tambayar da ta dace mai saye ya fara yi ita ce: wace hanya motar za ta bi, me za ta ɗauka, kuma wa zai gyara ta? Malamin makaranta da ke zirga-zirga tsakanin gida da ofis a kan kwalta, mai jan gaba ta ishe shi. Ɗan kasuwa mai dakon buhuna, jan baya ne nasa. Ma'aikacin lafiya ko malamin gona da zai ratsa fadama a watan Agusta, shi ne mai haƙƙin fowil. Idan hukuma ta saya wa wanda ba ya sauka daga kwalta jif mai ja da ƙafa huɗu, ta bar asibitin ƙauye da motar da damina ke tsarewa, to, ta biya kuɗi sau biyu ke nan: sau ɗaya a farashi da mai, sau ɗaya kuma a majinyacin da ba a kai gare shi ba. Issigonis ya auna motarsa da tsadar fetur ta 1956, Wilks ya auna tasa da taɓon gona, masu 504 kuma suka auna tasu da ramukan hanya. Daidai ruwa, daidai tsaki.